Akwatin Bature a Filin Kokawa

Gabas da garinmu, a kan hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta nufi Cadakori, akwai wani fako da ba ya fid da ko ciyawa. Nan mata suke sussuka bayan kaka tun zamanin kakanninmu. Ina ƙarami kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya zo rangadi, ya tsaya a tsakiyar fakon, ya ce a kewaye shi da katanga, a gina rumfa mai matakala uku a gefen yamma inda manya za su zauna, a yi ɗaki ɗaya a jikinta na ajiye kaya. Aikin tilas ne. Mahaifinmu ya yi wata biyu yana ɗaukar tubali, kuma har ya rasu bai taɓa shiga filin don kallo ba. Mu 'ya'yansa a ciki muka girma.

Babu abin da ba a yi a wannan fili ba. Da an gama girbi sai kokawa, makaɗa su zo daga Tibiri da Gidan Sori su yi kwana uku. Mahauta suna dambe a ciki, samari suna langa, 'yan lakol, wato makarantar boko, suna buga balo, ƙwallon ƙafa, ranar Alhamis. Nan ake tara shanu in masu allura sun zo, nan aka fara nuna mana majigi a jikin farin ƙyalle, kuma shekarar da ruwa ya cinye masallacin idi nan muka yi salla. Ƙofa ɗaya gare shi, ta kudu, sai wata 'yar ƙofar baya da aka yi don dabbobi.

Yayana ɗan kokawa ne. Shekara biyar ya ba ni. Shi aka bari a gona, ni aka kai lakol, don haka shi ya samu ƙirji ni na samu alƙalami. Kaka huɗu a jere ba wanda ya kai bayansa ƙasa a filinmu, har aka daina kiran Inna da sunanta, aka koma kiranta uwar sarkin fili.

Shekarar da aka ce mu zaɓi e ko a'a, wato mu zauna da Faransi ko mu rabu da ita nan take, filin ya rabu biyu kamar yadda gari ya rabu. Masu e suna zama kusa da rumfa, masu a'a suna zama a jikin katangar gabas. Yayana yana cikin masu a'a, kuma ba ya ɓoyewa. Aka yi zaɓe suka faɗi. Ba a daɗe ba aka hana jam'iyyarsu, aka fara kiran mutane buro, ofishin hukuma, ɗaya bayan ɗaya. Yayana ya ce wa Inna zai tafi cin rani kudu, ƙasar Katsina. Damina ta zo bai dawo ba, ta bayanta ma haka.

Ranar da aka ɗaga tutarmu sabuwa a filin, ba ya nan. Ni kuwa na gama karatun malanta, aka turo ni gida, na zama mushe, wato malami, a lakol ɗin da na yi. Tun da ni ke kai yara wasa, aka ba ni mabuɗin ɗakin ajiya. Filin yana da mai gadi, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Turawa, yana da gyambo a ƙwaurinsa na hagu da ya ƙi warkewa tun can. Baba muke ce masa. A wata bukka yake kwana, bakin ƙofar baya.

Bayan 'yancin kai da 'yan shekaru aka kawo mana wani saurayi Bature daga Amirka, wai ya koya wa mutane gyaran rijiya. Ya zo da wani dogon akwati na katako. A ciki akwai sanduna goma sha biyu masu santsi, kansu da kauri gindinsu siriri, da ƙwallaye masu tauri kamar goruba, da safar hannu ta fata, da wani abin rufe fuska na ƙarfe. Ya ce wasan garinsu ne. Muka ja layi da toka, muka ajiye buhunan yashi a kusurwa huɗu. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya doka da sanda ya ruga daga buhu zuwa buhu kafin a maido ta. Mutanen gari suka sa masa suna doka-ka-ruga. Yara sun so shi, amma samarin kasuwa ne suka fi kama shi, musamman wani mahauci mai hannun hagu da wani tela da ba ya kuskuren cafe ƙwallo. Rani biyu muka yi muna yi duk yammacin Juma'a. Da Bature zai koma gida ya bar mana kayan. Damina ta kama, kowa ya koma gona, sai na mayar da su akwatin, na buga ƙusa don gara da ɓeraye, na ɗora shi a kan duwatsu a ɗakin ajiya.

A kakar wannan shekara aka fara jin cewa waɗanda suka ƙetara kudu suna dawowa ta daji da bindigogi. Rediyo yana faɗi, kasuwa tana ƙarawa. Aka ce duk wanda ya ga baƙon fuska ya kai labari, duk wanda ya ɓoye ɗaya daga cikinsu hukuncinsu ɗaya. Mutane suka fara gaisawa a tsaye. Ni kuwa kowa ya san ƙanen wane ne, don haka ko a masallaci sai na ga wanda ke kusa da ni ya ɗan matsa.

Wata Alhamis bayan la'asar na sallami yara daga balo, ina tattara kaya, Baba ya zo ya tsaya kusa da ni yana duban katanga.

"Mushe, kana da baƙo," in ji shi.

"Wane ne, Baba?"

"Zo ka gani. Kar ka yi sauri."

Ya kai ni bayan bukkarsa inda ya jingine karan dawa. Yayana yana kwance a ƙarƙashin karan. Da ƙyar na gane shi. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma, tsumman ya yi baƙi, ƙuda sun rufe shi. Ya ce kututture ya taka a daji kwana shida da suka wuce, abokan tafiyarsa suka bar shi.

"Inna fa?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Lafiyarta lau, Yaya."

"Kar ka faɗa mata. Kwana biyu nike so, ƙafar ta sace, in koma inda na fito."

Ina da mata da jinjiri ɗan wata huɗu, ina cin albashin gwamnatin da ya zo yaƙa. Na tsaya ina jujjuya mabuɗin a aljihu har Baba ya ce, "Nan dai ba ya kwana. Yara suna zuwa ɗibar kara." Na duba filin ba kowa. Muka ɗauke shi mu biyu, muka shigar da shi ɗakin ajiya, muka kwantar da shi bayan akwatin Bature. Na rufe, na sa kwaɗo.

Kwana biyu ina kai masa fura a cikin jakar littattafai, da ruwan zafi da gishiri na wanke ƙafa. Matata ta lura furar gida tana ƙarewa da wuri, ta dube ni, ba ta tambaya ba. Ƙafar ba ta sace ba, kumburin ma ya hau har gwiwa. A rana ta biyu da yamma na ce masa gobe kasuwa, in an watse zan nemi wanda zai fitar da shi. Na kulle shi na tafi gida.

Washegari da hantsi ina rumfar masu hatsi ina taya gero, sai muka ji kukan mota. Kamyo biyu, manyan motocin kaya, suka shigo, ɗaya ta hanyar Gidan Rumji, ɗaya ta arewa, jandarmomi suka diro suka tare bakin kasuwa. Ba su yi ihu ba. Wani mai magana da Hausa ya hau kan buhu ya ce mata da yara su tafi gida, duk namijin da ya isa ɗaukar hauya ya bi layi. Aka kora mu kamar garke, ta cikin gari, zuwa filin.

Tun da na ga inda aka nufa da mu hankalina ya koma kan ɗakin ajiya. Aka shigar da mu ta ƙofar kudu, aka zaunar da mu a ƙasa sahu-sahu, hannu a ka, fuskarmu tana duban rumfa. Ɗakin ajiya yana gabana, taku hamsin ko sittin, kwaɗon yana rataye yadda na bar shi. Na nemi Baba da ido, na hango shi can ƙarshen sahu, ya sunkuyar da kai.

Shugabansu mai muƙamin ajidan ne, baƙi, gajere, mai furfura a gefen kai, ba mutumin yankinmu ba. Ya sa aka juyo da kamyo ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa. A gaban motar akwai wani mutum zaune, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanu kawai ake gani. Aka riƙa tayar da mu goma-goma ana wucewa da mu ta gabansa. In ya gyaɗa kai, sai a fitar da mutum gefe. Rana ta take, ƙasar fakon ta yi zafi har tana ƙona ta cikin wando. Wani tsoho ya faɗi, aka bar ɗansa ya ja shi inuwar katanga. Mutum biyu aka fitar kafin a zo sahunmu, dukansu waɗanda suka saba zama a katangar gabas ne.

Da na zo gaban motar, mai rawani bai gyaɗa kai ba. Ya miƙo hannu ta taga ya yafito ajidan, ya yi masa magana a kunne. Ajidan ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ne mushe?" Da Faransanci ya yi tambayar.

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"Ina yayanka?"

"Yana kudu. Shekara shida rabona da shi."

"An ce akwai dogon akwati a wancan ɗaki, an buga masa ƙusa. An ce kai kaɗai ke da mabuɗi."

"Kayan wasa ne."

"To mu je mu ga wasan."

Na yi tafiyar nan daga ƙofa zuwa rumfa, ajidan a bayana, jandarma biyu a gefena, garin duka yana zaune yana kallona. Na yi tunanin in faɗi kamar na suma. Na yi tunanin in ce na bar mabuɗin a gida, sai na tuna za su bi ni gidan, ko su ɓalle ƙofar da gindin bindiga. Na yi tari da ƙarfi sau biyu don in Yaya yana ji ya san ba ni kaɗai ba ne, ko da yake ban san abin da zai yi da sanin ba, mutumin da ba ya iya tsayuwa. Mabuɗin ya ƙi shiga kwaɗon. Ajidan ya karɓa ya buɗe da kansa, ya tura ƙofa da ƙafa, ya ja da baya, jandarmomin suka shiga da bindiga a gaba.

Na rufe ido ina jiran murya. Abin da na ji shi ne ƙarar garwa da suka ture. Na buɗe ido na leƙa. Ragar balo tana nan, buhunan yashi suna nan, akwati yana kan duwatsunsa. Bayan akwatin babu kowa, babu tabarma, babu ƙwarya.

Ban samu damar yin numfashi ba, domin ɗakin yana warin ciwo, kuma ajidan ya ji. Ya shiga ya zagaya akwatin, ya tsuguna. A ƙasa akwai tabon jini da ruwan miki da ya shiga cikin daɓe. Ya sa sandarsa a ƙarƙashin akwatin ya jawo wani tsumma.

"Wannan fa, Mushe? Shi ma kayan wasa ne?"

Kafin in haɗa wata magana sai muka ji murya daga cikin sahu, da irin Faransancin bariki: "Nawa ne, mon ajidan."

Baba ne ya miƙe. Aka kawo shi yana ɗingishi. Ya tsaya ya ƙame kamar yana fareti, ya faɗi lambarsa ta soja da rundunar da ya yi. Ya ce nan yake shiga ya wanke gyambonsa, don a waje ƙuda ba sa barinsa.

"An ce mushe kaɗai ke da mabuɗi," in ji ajidan.

Ya juyo gare ni. Baba bai dube ni ba.

"Ni nake buɗe masa," na ce. "Kowace safiya kafin in shiga aji. In ya gama in rufe."

"Kwance ƙafar," ajidan ya ce wa Baba.

Baba ya zauna a dokin ƙofa ya warware ƙafarsa a hankali. Ni da na san ciwon shekara da shekaru ban taɓa ganinsa a buɗe ba. Faɗinsa ya kai tafin hannu, gefensa fari, tsakiyarsa ja, yana tsatsafo da ruwa. Ɗaya daga cikin jandarmomin ya kau da kai. Ajidan ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye shi a ina ya samu. Baba ya faɗi sunan wani wuri da ban taɓa ji ba. Ajidan ya ce shi ma ya bi ta can. Ya ce wa Baba ya ɗaure ƙafarsa ya zauna a inuwa.

Na ɗauka an gama. Sai ya sa aka fito da akwatin tsakiyar fili, aka ɓamɓare murfin da bakin wuƙar bindiga. Da sandunan suka bayyana na ga ransa ya ɓaci. An kawo shi da kamyo biyu don bindigogi, ga shi gaban jama'a da itace. Ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinta, ya buga a tafin hannunsa. Ya ɗaga abin rufe fuska na ƙarfe.

"Kulki goma sha biyu da garkuwar fuska," in ji shi. "Da wannan ana iya fasa kan mai gadin buro."

Na yi masa bayanin Bature, da rijiyoyi, da Juma'a. Ya saurara har na gama.

"In wasa ne, yi mu gani. Zaɓi mutanenka."

Na juya na fuskanci sahun. Kowa ya kau da ido. Na gane duk wanda na kira na haɗa sunansa da nawa a gaban ajidan, in kuma ban kira kowa ba akwatin ya zama makami. Na kira mahauci, don shi bai taɓa shiga siyasa ba. Na kira samari huɗu 'yan gidan masu e. Sai ya rage mai tsayawa bayan mai duka ya cafe ƙwallo, kuma a garin mutum ɗaya ne ya iya, shi ne tela. Tela ya yi zama a katangar gabas a da. Ba a kai ga sahunsu gaban mai rawani ba tukuna. Na yi tunanin in ya tashi ya yi wasa a gaban ajidan wataƙila a manta da shi. Na kira shi. Ya tashi a hankali, ya sa abin ƙarfen a fuska, ya tsuguna.

Aka jera buhunan yashi. Na tsaya a tsakiya da ƙwallo a hannu. Babu kiɗa, babu tafi, ba a jin komai sai injin kamyo da aka bari yana aiki. Jifa ta farko ta tafi can gefe. Ta biyu ta bugi ƙasa kafin ta isa. Ajidan ya naɗe hannu a ƙirji. Tela ya maido mini ƙwallon, ya ce a hankali, "Mushe, dubi hannuna kawai." Na dubi safar hannunsa na jefa.

Mahauci ya doke ta da dukan ƙarfinsa. Ƙarar ta yi kamar an karya busasshen reshe, ƙwallon ta tashi sama ta nufi katangar gabas. Shi kuma ya yi abin da ya saba yi rani biyu, ya yar da sanda ya ruga.

Akwai wani jandarma sabon shiga a bakin ƙofar kudu wanda bai ji abin da ake ciki ba. Ya ji ƙara, ya ga ƙato yana gudu. Na ga ya ɗaga bindiga ya kai kafaɗa. Baba ne ya daka tsawa daga inuwa, kalma ɗaya ta bariki, ajidan ma ya ɗaga hannu yana ihu. Bindigar ta tashi duk da haka. Harsashin ya bugi matakalar rumfa ta biyu, ƙasa ta watse a kan waɗanda ke kusa.

Mahauci ya faɗi rubda ciki tsakanin buhu na ɗaya da na biyu. Duk filin ya kwanta. Na rarrafa na isa gare shi, na juya shi ina neman jini. Babu. Idanunsa a buɗe, wandonsa ya jiƙe. Na cire rigata ta sama na rufa masa.

Ajidan ya taka har ƙofa, ya karɓe bindigar daga hannun sabon shigan, ya mare shi. Ya dawo ya ce a mayar da kayan cikin akwati a sa a mota. Ya ce a ƙarasa wucewa da sauran sahun da sauri. Tela ya cire abin ƙarfen ya ajiye, ya koma wurinsa. Da aka zo da shi gaban motar, mai rawani ya gyaɗa kai.

Mu huɗu aka tafi da mu birni a bayan kamyo, tare da akwatin. Ni kwana tara na yi a kulle a kaso. Tambaya ɗaya suke yi mini safe da yamma, ina yayana, ni kuma amsa ɗaya nake ba su. Na sha mari, amma ba a yi mini abin da na ji ana yi wa na ɗakin da ke kusa ba. A ƙasan akwatin aka samu wata takarda da Bature ya bari, mai hatimi, wadda ta lissafa kayan ta ce kyauta ce ga lakol. Da ita shugaban makarantunmu ya je ya karɓo ni. Sauran ukun aka wuce da su wani wuri mai nisa a arewa.

Da na dawo, kafin in shiga gida na biya wurin Baba. Na same shi yana saƙar igiya.

"Yana ina, Baba?"

"Ya ƙetara. Wani Bafillace ya faɗa mini da asuba ya ga motoci sun kwana a fadama. Surukina yana fita da harawa a amalanke, muka sa shi ƙarƙashi."

"Da wane mabuɗi?"

"Tun zamanin kumandan nike da nawa. Ba wanda ya tambaye ni."

"Da ka aiko mini."

"Da na aiko maka, da fuskarka ta faɗa musu tun a kasuwa."

A kakar nan ba a yi kokawa ba. Makaɗa sun zo, suka kwana ɗaya, ba wanda ya fito, suka wuce Gidan Sori. Shekarar da ta biyo baya samari suka share wani wuri a yammacin gari suka koma can. Na ci gaba da kai yara balo na ɗan lokaci, amma iyaye suka fara cewa 'ya'yansu ba su da lafiya duk Alhamis, sai na mayar da wasan harabar lakol. Mahauci ya daina dambe. Ya yi shekaru in na zo sayen nama sai ya ba ƙanensa wuƙa ya shige ciki.

Daga baya aka ba masu sayen gyaɗa filin, suka kafa sikeli a rumfa, suka tara buhuna har suka fi katanga tsawo. Da aka yi fari gyaɗa ta mutu, suka tafi. Baba ya rasu a cikin waɗannan shekaru, ba a sa wani mai gadi ba. Katanga ta riƙa zubewa damina bayan damina, mutane suna kwashe ƙasar suna yaɓe gidajensu. Yanzu tashar mota ce, nan ake lodin gero da wake da tumaki.

Cikin mutum ukun da aka tafi da su, biyu sun dawo bayan shekaru, ɗaya ba haƙori ko ɗaya a bakinsa. Tela bai dawo ba. Waɗanda suka dawo sun ce zazzaɓi ne ya kashe shi a shekara ta biyu. Har yau ban sani ba ko mai rawani zai gyaɗa masa kai ko da ban kira shi ba, ko kuwa tashin da ya yi ne ya tuna masa da shi. Shi ma mai rawanin ban san ko wane ne ba. Na zargi mutum uku a raina, kuma duka ukun na bi gawarsu zuwa maƙabarta.

Yayana ya dawo bayan mulki ya canja hannu, aka ce kowa ya komo gida. An yanke masa ƙafar daga gwiwa a wani asibiti a kudu, yana tafiya da sanda. Inna ta riga ta rasu. Kwanansa uku a gidana kafin in yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Muna zaune a zaure da hantsi.

"Yaya, da bindiga ka zo?"

"Da ita na taso. Da ƙafar ta hana ni tafiya, suka karɓe ta suka ba wani."

"Da ba ka taka kututturen ba fa?"

Ya murza kan sandarsa. "Da na yi abin da aka aiko ni," in ji shi. Sannan ya tambaye ni su wa aka kama a ranar. Na faɗa masa, na faɗa masa yadda na kira tela.

Bayan la'asar ya ce in raka shi gidan tela. Matar ba ta sake aure ba, tana sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, babban ɗansu ya gaji keken ɗinkin. Muka yi sallama, ta shimfiɗa mana tabarma a waje, ta kawo ruwa. Yayana ya yi mata ta'aziyya, shekara goma bayan rasuwar. Ta amsa da amin. Ya fara cewa shi ne a ɗakin ajiya a kwanakin nan, ta ce ta sani, duk gari ya sani tun a makon. Ɗan yana cikin shago yana ɗinki, bai tsayar da keken ba, bai fito ba. Muka zauna kaɗan, wata yarinya ta zo sayen ƙuli-ƙuli, matar ta juya gare ta. Muka tashi muka koma gida.